Wata uku da iyafis mara igiya

Igiyar tsohon iyafis ɗina ce ta kai ni bango. Kullum sai na zauna warware ƙulli kafin in saurari komai, ran da ta maƙale a mariƙin ƙofa ta fizgo wayar ƙasa kuwa, na ce ya isa haka. Na sayi mara igiya mai Bluetooth 5.0, yau wata uku ke nan.

Haɗin farko ko minti ɗaya bai ci ba. Na buɗe murfin ɗan akwatinsa, na kunna Bluetooth a waya, sunansa ya bayyana, na taɓa, shi ke nan. Tun daga ranar, da zarar na ɗaga murfi zai kama da kansa. Caji ma ba ni da ƙorafi a kai.

Inda na fara tsaki shi ne tsinkewar sauti. A ɗaki sai in bar wayar kan tebur, in yi nisan kusan mita 10, ko gezau. Amma in na jefa ta aljihun baya na fita fili, sai murya ta riƙa yankewa kamar mai shaƙuwa. Har na yanke cewa jabu aka haɗa ni da shi. Ashe jikina ne katangar. Bluetooth a zangon siginar rediyo na 2.4 GHz yake aiki, ruwan jikin mutum kuwa yana shanye irin wannan sigina. A ɗaki siginar kan daki bango ta dawo kunne, a fili babu abin da zai maido ta. Da na mayar da wayar aljihun gaba, matsalar ta kau. Wi-Fi ma yana amfani da wannan zango, shi ya sa Bluetooth ke tsalle tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya, don kauce wa cunkoso. Duk da haka a cikin taron jama'a nakan ji ɗan ƙiris-ƙiris jefi-jefi.

Kira ne ya fi ba ni haushi. Ana cikin jin sauti garau, da kira ya shigo makirufo ya buɗe, sai murya ta koma siririya kamar daga cikin rijiya, domin na'urar ta sauya zuwa tsarin kira, wanda bai kai na sauraro inganci ba. Ƙanwata sau biyu tana ce min, "Yaya, kana cikin mota ne?" alhali ina zaune a falo. A wasan waya kuma, sai ka ga abu ya faru sannan ƙararsa ta biyo baya. Bidiyo da sauƙi, manhajar kan daidaita hoto da murya.

Sunan Bluetooth kansa ya ba ni dariya da na gano asalinsa: laƙabin Harald ne, sarkin Denmak na ƙarni na 10, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Nawa iyafis ɗin dai waya da kwamfuta ma ya kasa haɗa kansu. Na'ura ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, in ya kama kwamfuta sai na tashi na kashe Bluetooth ɗinta kafin ya yarda ya dawo waya.

Don sauraro a hanya ko wajen motsa jiki, zan sake sayensa ba tare da dogon tunani ba. Tsohon mai igiyar kuwa ban yar da shi ba, yana cikin aljihun jaka a ƙudundune, shi nake lalubowa duk ran da zan yi doguwar waya.