Hilux Vigo dubul kabin a hanyoyin Adar: abin da na gani da gardamar da ta jawo

Salamu alaikum jama'a. Mutane da yawa nan Tahoua suna tsaida ni su tambaye ni kan Hilux ɗin da na saya, wai na ji daɗinta ko kuwa, shin su ma su saya, to bari in faɗi abin da na gani da idona tunda yanzu rani ya bi kanta damina ma ta bi. Vigo ce, irin wadda Toyota ta yi daga 2004 zuwa 2015, dubul kabin, katkat, giyar hannu, injin gazuwal 2.5 wanda ake rubuta ma D-4D. Okaziyo na saye ta ba sabuwa ba. Sana'ata albasa ce da kayan gona, ina kai taki da iri da motopom wajen manoma, in sun cire albasa in bi in tattaro zuwa inda kamiyo ke lodi, kenan motar bata san hutu ba, yau Tamaske gobe Keita jibi Galmi.

Wajen hanya dai ban da abin cewa sai hamdala. Wanda ya san hanyoyin Adar ya san duwatsu ne da kori da laterit mai kwarkwada, ga hanyar Abalak da anka yi don uraniyom wadda wurare da yawa gudron ya tashi sai ramu. Akwai wani kori bayan Keita da in ruwa ya janye shina barin rairayi mai laushi bisa, ƙasa kuma laka, ranar da na iso da taki a baya na iske wata ƙaramar mota ta nutse har ƙofa mutane na tura ta, na sauka na taka wurin da ƙafa na ji inda ke da ƙarfi, na rage iskar tayu kaɗan, na jawo ƙaramar giya na sa ta L4, wato giyar ƙarfi ta taya huɗu, na sa babbar giya ta biyu ban taɓa birki ba ban kuma danna wuta da ƙarfi ba, haka ta hau a hankali tana gurnani har ta hita, sannan munka ɗaura igiya munka jawo waccan. Wannan ƙaramar giyar ta hannu ina sonta ƙwarai, kana jinta a tafin hannunka in ta shiga. Sabuwar da ta hito 2015, wadda muke ce ma Revo, maɓalli ne ake murɗawa, shina aiki lahiya lau amma ni dai hannu ya hi kwanta mini a rai.

Mai kuma bata sha da yawa, in ba kaya kan gudron lita 9 zuwa 10 nike gani a kilomita 100, da lodi da kilim ya kan haura. Tankin kusan lita 80 ne, Tahoua zuwa Yamai wajen kilomita 550 tana kai ni da tanki guda.

Inda nike son mai saye shi buɗe kunne shi ne bayan motar. Bayan dubul kabin tsawonshi mita ɗaya da rabi ne kawai, na sampul kabin kuwa ya kai mita biyu da ɗan wani abu, kusan 2.3, kuma bambancin nan ba ƙarami ba ne ga mai buhu. Abin da motar ke iya ɗauka kusan tan guda ne, kuma mutane na mantawa cewa tan gudan nan har da kai direba da mutum huɗun da ka zuba a ciki da tayar sukur da bidon ruwa. Buhun albasarmu kun san shi, ya wuce kilo ɗari in anka yi mishi hula, to ka lissafa da kanka nawa za ka ɗora kahin ka wuce ƙa'ida. Na san abin da ake yi, a je gareji a ƙara lam, wato faifan ƙarfen da ke riƙe nauyin mota bisa tayu, biyu ko uku a baya a yi ta jibga kaya har sama, motar ta tsaya tsaye kamar ba komi, amma lam ɗin da ka ƙara bai ƙara ma shasi ƙarfi ba bai ƙara ma birki ba, nauyin kuma a dubul kabin bayan tayar baya yake zama, shi ya sa za ka ga waɗansu sun lanƙwashe tsakanin kabin da baya. Ni ban ƙara ko ɗaya ba, gara in yi sawu biyu. In kuma ba kaya, bayan na tsalle a kwarkwada, wanda ke kujerar baya shina jin jiki, wannan halin duk motar da ke da lam ne, in na aza buhu biyu sai ta natsu.

Sai injin. D-4D nada ƙarfi da turbo kuma baya hayaƙi, amma baya son gazuwal mai datti ko mai ruwa ko kaɗan, don anjaktar ɗinshi, masu fesa mai cikin injin, da matsi mai tsanani suke aiki. Gazuwal na bido na bakin hanya shi ke kashe irin wagga mota a ƙasarmu, makanikena ya nuna mini anjaktar huɗu da ya cire daga ta wani, bakinsu duk ya ci, kuma kuɗin guda huɗun nan sai ka yi tagumi. Ni a sitasiyo nike sha, ina canza filtar gazuwal kahin lokacinta, in fitilar ruwa ta kama in tsaya in tsiyaye, filtar iska kuwa lokacin hunturu da ƙura duk sati sai an busa ta. Akwai kuma kuruwa ta cikin injin da ake canzawa a kilomita 150,000, fitilar T-BELT na kamawa ta tuna maka, kar ka bari wani shi kashe maka fitilar kawai bai canza ba.

To wannan mota ita ta tada gardama a fadarmu da har yau bata mutu ba. Akwai wani Alhaji, babba ne gare mu, shina da Land Cruiser 79 sampul kabin shina aikin Cintabaradan da Tasara, ranar da na zo da ita ya zagaya ta ya ce ɗana Allah shi sa alheri amma wannan ba bashe ba ce, motar kai iyali wajen suna ce da anka manna ma akwati. Wai shi duk motar da ke da ƙofa huɗu ta hita daga lissahi. Na ce Alhaji ai ita ma 79 ɗin tun 2012 ana yinta da ƙofa huɗu, ya ce wannan ma don ƴan purje anka yi ta. Gaskiya akwai inda ban iya ja da shi, injin 79 ɗin 1HZ ne, silinda shida lita 4.2 babu turbo babu kwamfuta, famfo ne na da, makaniken Abalak na kwance shi ƙarƙashin icce shi maida, gaba kuma pon ne, ƙarfe guda da ke haɗa tayu biyu, ba irin na Hilux mai gwiwa-gwiwa ba, ga tanki biyu. Ba banza ba yaƙin Cadi da Libiya na 1987 ake ce mishi yaƙin Toyota. Amma Alhaji baya faɗin kuɗinta, baya faɗin abin da take sha, ga gazuwal yanzu ya hi isansi tsada a famfo, baya kuma faɗin cewa irin motarshi ce ɓarayin daji sunka hi nema, wanda ni wannan kaɗai na sa in yi tunani sau biyu. Aikina bai kai rairayin Azawak kullum ba, mi zan yi da ita tsakanin Tamaske da Galmi?

Kawuna shi kuma Peugeot yake kare ma, 404 da 504 bashe. Shi ya yi zamaninshi da su shina jigilar kasuwar Badagishiri, ya ce mini yaro ku yanzu kun ɗauka sai da katkat ake shiga daji, mu da taya biyu na baya munka ratsa Adar duka. Kuma gaskiyarshi, 504 ɗin nan da anka riƙa haɗawa Kaduna, inda anka buɗe masana'antar Peugeot a 1975, sun ciyar da gidaje ba iyaka, har gobe kana ganin tsohuwar ranar kasuwa da awaki da mutane bisa. Wanda ya ce wannan ba bashe ba ce don bata da katkat bai san abin da yake faɗi ba.

Sai wani ƙanenmu da ke karatu Yamai, shi kullum waya a hannu shina nuna muna motocin Amurka, Ford F-150 da Ram da wata ƙarama Ford Maverick, wai waɗannan su ne na gaske namu duk ƙanana ne. F-150 na yarda mota ce, shekaru da yawa jerin F ɗin nan ke kan gaba wajen ciniki can Amurka, amma mafi yawansu isansi suke sha da yawa, kuma tun 2015 jikinta alminiyom ne, in ta bugu mai waldar unguwarku ba zai gyara maka da abin da yake da shi ba, piyes kuma sai ka yi odar ka zauna jira. Maverick kuwa da Honda Ridgeline jiki da shasi haɗe suke kamar ƙaramar mota. Can inda hanya ke sumul suna da amfaninsu, nan kuwa ni ban sa su cikin lissahi.

Abin da na tsaya kai shi ne, in mota nada shasi nata daban, kabin daban baya daban, tana ɗaukar kayan da za su maida kuɗin mai har a samu riba, kuma in ta lalace a ƙauye ana samun mai gyara da piyes kusa, to ta cika. Yawan ƙofa bai shiga ciki ba. Shi ya sa ma ƴar Hijet da ke jigilar siminti cikin gari ta hi kusa da bashe a wurina bisa waccan Maverick ɗin. L200 ta Mitsubishi da D-Max ta Isuzu su ma sun cika sharaɗi, na hau su motoci ne masu kyau, abin da ya sa na zaɓi Hilux kawai don piyes ɗinta ko Konni ko Madawa ka shiga za ka samu, sabo ko na kas, kuma ranar saidawa bata zama a hannu.

Kuɗin okaziyo ya hau tun da anka ruhe iyakar Benin a 2023 motoci sunka koma bin Lome, don haka in za ka saya kar ka tsaya kallon fenti da lambar kilomita, ana maida ita baya. Ka tahi da makanikenka, ku shiga ƙarƙashi da tocila ku bi shasin tun daga gaba har baya ku nemi walda ko wurin da anka shafa baƙin fenti sabo, ku tada ta da sahe injin na sanyi ku ga kalar hayaƙi, ku sa L4 ku ji ta shiga, ku duba takardun duwan da kartagiris lambar shasi ta yi daidai. Ni in Allah ya hore ta biyu sampul kabin zan nema mai injin 5L wanda baya da turbo, in bar mata buhu, wagga kuma ta ci gaba da ɗaukar ni da yaran aiki da motopom.