Ofishin da ke cike min takardun haraji a Hamburg, tauraro huɗu na ba su

Jama'a masu tambayata inda nake kai takardun harajina, wani ɗan ƙaramin ofishi ne na ƙungiyar da ke taimaka wa ma'aikata, kuɗin mamba kake biya sau ɗaya a shekara gwargwadon albashinka. Aikinsu tsaf wallahi, matsalarsu ɗaya waya, sai ka kira sau biyar ba a ɗauka ba, ni sai da na taka da ƙafata na samu rana.

Abin da ya sa na ƙara yarda da su shi ne wani abokin aikina ɗan Kumasi ya ce min kar in yi gaggawa, tunda ni ba dole ne in cike ba ina da shekara huɗu, in bari kuɗin rarar harajin da za a mayar min su kwana wajen gwamnati za a haɗo min da ruwa kashi 6 a shekara. Da na faɗa wa matar da ke duba fayil ɗina dariya ta yi, ta ce abokinka yana zamanin da. Ta jawo kalkuleta ta juyo min da ita, yuro 1,000 da yana jawo 60 a shekara, yanzu 18, kuma ma ba a fara lissafi sai wata 15 bayan ƙarewar shekarar harajin, sannan ɗan abin da ka samu shi ma akwai haraji a kansa. Ni dama kuɗin ruwa ba ci nake ba, bayarwa zan yi, amma na so in gane.

Ashe a 2021 kotun tsarin mulkin Jamus da ke birnin Karlsruhe ta ce kashi 6 ɗin nan ya saɓa wa tsarin mulki tunda ruwan banki ya faɗi ƙasa warwas, a 2022 aka mayar da shi kashi 0.15 a wata, wato 1.8 a shekara, aka koma da shi baya har 1 ga Janairun 2019.

Na ce to ai gwamnati ta ci riba kenan, ta rage abin da take fitarwa daga baitulmali. Ta ce ba nan gizo ke saƙa ba malam, ma'auni ɗaya ne ake awo da shi, wanda gwamnati ke bin sa bashin haraji shi ma 1.8 yake biya yanzu, kamar kamfanonin da ake bin diddigin littattafansu bayan shekaru a ce su cika, can kuma kuɗi ne masu kauri, to abin da kasafi ya tsira da shi a wajen irinmu yana zubewa ta can.

Ranar na miƙa mata rasitan tikitin jirgin ƙasa na shekara biyu a leda, ta jera su ɗaya bayan ɗaya ba ta ko tsaki ba. In za ku je ku riƙe takardar albashi ta ƙarshen shekara da lambar harajinku, kuma ku je da safe.