Bushewar Baki: Kayan da Ake Samu a Ingila da Amurka, da Wanda Ya Fi Amfani

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da yawanku kuna tambaya a kan iyayenmu da bakinsu ke bushewa, kuna son sanin abin da ya dace a aiko musu daga nan Ingila. Kafin a kashe kuɗi, a san cewa kwalaben da ke jiƙa baki sauƙi kawai suke kawowa. Abin da ke tsare haƙora daban ne.

Lafiyayyen mutum yana fitar da yawu tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi a yini. Yawun nan ne ke wanke guntun abinci, ya kashe kaifin asid ɗin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa bayan an ci zaƙi, ya mayar wa haƙori kalsiyam ɗin da ya rasa. Farin ɓawon haƙori yana fara narkewa idan ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami, ya sauka ƙasa da 5.5 (yawan tsami ke saukar da shi), saiwar da dasashi ya janye ya bari a waje kuwa tun kafin a kai nan take fara cinyewa. Shi ya sa ruɓewar mai busasshen baki ke zagaye wuyan haƙori, har ta kama haƙoran gaba na ƙasa waɗanda ba kasafai suke ruɓewa ba. Ga warin baki, ga wahalar haɗiya, ga haƙoran roba da ke ƙin zama.

Likitocin haƙori a nan suna da wani ma'auni mai alamomi 10, na Farfesa Challacombe na King's College a Landan. Alamar farko ba ta buƙatar na'ura: a ɗora ƙaramin madubin duba haƙori a cikin kunci, idan ya manne maimakon ya zame, yawu ya yi ƙaranci. Sai a duba ƙarƙashin harshe ko yawu ya taru, ko kuwa kumfa ce kawai, da ko harshen ya tsattsage. A asibiti akan sa mutum ya tara yawu a kofi na minti 15. Ƙasa da mililita 0.1 a minti ɗaya, matsala ce tabbas.

Daga nan sai a tambayi magungunan da mutum ke sha, domin su ne kan gaba wajen jawo matsalar: amitriptyline, oxybutynin na yawan fitsari, chlorphenamine na mura da ƙaiƙayi, furosemide, tramadol. Sau da yawa canza magani ko lokacin shansa ya fi duk wani feshi, amma likitan da ya rubuta shi ne zai canza, kada a daina da ka. Ciwon suga da bai daidaitu ba, cutar Sjögren (wadda garkuwar jiki ke kai wa jakunkunan yawu da na hawaye hari), gashin cutar daji a kai da wuya, da barci baki buɗe duk suna cikin dalilan.

A kemis kayan sun kasu: feshi, jel, ruwan kurkure baki, da alewar tsotsa. Feshi na rana ne, ba ya daɗewa. Jel irin Biotène ko Oralieve ya fi dacewa da dare, a shafa da yatsa a harshe, ganda da cikin kunci. A karanta bayan kwali. AS Saliva Orthana yana ɗauke da sinadarin da aka samo daga alade, BioXtra kuma yana da furotin na madara da ƙwai, wanda jikinsa ba ya karɓarsu sai ya kiyaye. Duk feshi ko alewa mai tsami ba ta dace da mai haƙoransa ba, tana jawo yawun, tana kuma cinye haƙorin. Cingam marar sukari mai xylitol, wani abin zaƙi da ba ya ruɓar da haƙori, yana ƙara yawu muddin jakunkunan yawu ba su mutu ba, sai dai yawansa yana sakin ciki. Ruwan kurkure baki mai alkohol ƙara bushewa yake yi.

Babban abin shi ne fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori. Man goge baki na yau da kullum yana da 1,350 zuwa 1,500 ppm, wato ma'aunin yawan fuloraid ɗin da ke ciki. A Ingila likita kan rubuta Duraphat 2,800 ga wanda ya kai shekara 10, ko 5,000 ga wanda ya kai 16, na 2,800 a matsa tsawon santimita 1 a buroshi a goge sau biyu a yini, na 5,000 kuma santimita 2 sau uku a yini. A Amurka takwaransa PreviDent 5000 ne, sau ɗaya kafin barci. Dukkansu sai da takardar likita, don haka ba kayan da ake ɗauka a kanta a cusa a jaka ba ne. Kuskuren da ke ɓata aikin shi ne kurkure baki da ruwa bayan gogewa. A tofar kawai a bar sauran ya zauna, kuma wannan ya shafi man yau da kullum ma. Likita na iya ƙarawa da fentin fuloraid mai 22,600 ppm duk wata uku zuwa shida.

A ɓangaren ƙwayoyin da ke tayar da yawu Amurka ta ɗan fi. Nan Ingila pilocarpine kawai ake bayarwa, yawanci miligiram 5 sau uku a yini, can kuma suna da cevimeline, miligiram 30 sau uku, ga masu Sjögren. Dukansu suna sa gumi sosai, kuma ba a ba mai asma da ba ta lafa ba, ko mai wani nau'in hawan jinin ido.

Idan aka ga farin dabbare a harshe ko tsagewa a gefen leɓe, fungas ne, akan ba da nystatin ko jel ɗin miconazole. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kada ya kusanci miconazole, haɗuwarsu tana jawo zubar jini. Haƙoran roba kuma a cire su da dare, a wanke, a jiƙa su a ruwa har safe.