Gangar ƙasa ta roba da na saya wa AR-15 ta tsage, ga yadda aka yi

Idan kana Amurka, takardunka sun cika, kuma kana shirin haɗa bindigar AR-15 ta farko, ina roƙonka kada ka zuba kuɗinka a gangar ƙasa (ɓangaren ƙasa na jikin bindigar) ta roba, irin wadda aka kwafi siffar ta alminiyam sak aka zuba. Na saya, na yi harbi da ita, ta tsage a hannuna, kuma har yau in na tuna inda ta tsage sai gabana ya faɗi.

Na san ga mai karantawa daga gida wannan magana ce mai nauyi. Dokar makamai ta 1959 ba ta bar farar hula ya riƙe irin wannan bindiga a Najeriya ba, kuma abin da bindiga ta yi wa mutanen Zamfara da Katsina ba wanda zai manta. A nan jihar Ohio kuwa a shago ake sayar da ita, ka cike fom mai lamba 4473, a bincike ka ta hannun FBI, sannan a miƙa maka. Ni dai harbin allo nake yi a filin harbi ranakun hutu, ba wani abu ba.

Gangar ƙasa ita ce ɓangaren da ke riƙe da kunama da mariƙin hannu da ramin da ake zura gidan harsashi. A jikinta lambar shaida take, don haka a idon dokar Amurka ita ce bindigar, sauran duk kayan haɗi ne. Mai shagon ya ɗora min biyu a kan teburi, ya ce in ɗaga in ji. Ta robar kamar ba ka ɗauki komai ba, ga ta da ɗan rangwame. Ya ƙara da cewa ƙarfin fashewar albarushi yana ƙarewa ne a sama, tsakanin bututun da harsashi ke fita ta cikinsa da ƙarfen da ke kulle bayansa, gangar ƙasa ba ta ɗaukar komai daga ciki. Wannan gaskiya ce, ban ƙaryata shi ba. Sai dai rabin gaskiyar ya faɗa min. Tun wajen haɗawa sai da na sha wahalar tura ƙusoshin kunama saboda ramukan sun matse, amma na ce sabon abu ne. Duk bazara da kaka ta yi aiki lafiya lau, har na riƙa yaba ta a gaban mutane.

Abin ya faru ne a watan Janairu, ranar da sanyi ya sauka ƙasa da sifili, irin wanda yatsu ke ƙin lanƙwasuwa ko da safar hannu. Ina cikin harbi sai kwanson harsashi ya maƙale ya ƙi fita. Duk mai AR-15 ya san abin da ake yi: ka cire gidan harsashi, ka tattara gindin bindigar, bakinta na kallon inda babu kowa, ka ja mariƙin baya kana buga gindin a ƙasa. Haka ake koyarwa, haka sojoji ke yi, kuma bindigar da ake kira ta aiki dole ta jure wannan. Na buga, kwanson ya fito. Ban ji wata ƙara ba. Na ɗora ta a kafaɗa na ci gaba, sai na ji gindin yana ɗan rawa a kumatuna. Wani dattijo Ba'amurke da ke teburin kusa da ni, tsohon soja, ya ɗaga hannu ya ce in dakata. Muka sauke harsasai, ya nuna min da farce: zoben nan na baya, inda ake murɗa bututun gindi, wanda sifirin (naɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da ƙarfen ciki gaba) ke cikinsa, ya tsage daga sama har ya kusa kai wa ramin ƙusar baya. Da ya ɗan matsa gindin da tafin hannu sai tsagar ta buɗe baki.

Wallahi jikina ya yi sanyi, ba sanyin gari ba. Duk harbi ɗaya, dunƙulen ƙarfen da ke cikin bindigar yana komowa baya da gudu ya shige cikin wannan bututu, kuma a kan bututun ne mutum ke kwantar da kuncinsa, ido na nan dab da wurin. Da zoben ya ƙarasa rabuwa ina tsaka da harbi, Allah kaɗai ya san abin da zai sami fuskata. Allah ya kiyaye. Na tattara kayana na tafi gida, a mota ko rediyo ban kunna ba.

Daga baya na kai ta wurin mai gyaran bindiga, ko mamaki bai yi ba. Ya ce ai nan suke tsagewa, nan da kuma kunnuwan gaba da ke riƙe ƙusar haɗi. Dalilin a fili yake. Eugene Stoner ya zana wannan bindiga a ƙarshen shekarun 1950 a ArmaLite, wanda reshe ne na kamfanin ƙera jiragen sama na Fairchild, kuma da alminiyam a ransa ya zana ta. Wadda sojojin Amurka ke riƙewa da alminiyam samfurin 7075 ake buga ta, irin na jikin jirgi. Kaurin zoben nan an auna shi ne daidai ƙarfin wannan ƙarfe. Ka ɗauki wannan awo ka zuba nailan da aka cakuɗa da zaren gilashi, kauri ɗaya amma ƙarfi ba ɗaya ba. Ga bututun gindin dogo ne, duk abin da ya bugi gindi sai nauyinsa ya taru a kan zoben, kamar ƙotar gatari da ba ta tsagewa a tsakiya sai a kai, inda ruwan gatarin ya shiga. Sanyi kuma yana sa roba ta yi tauri ta daina ba da kai.

Kuma nawa ne ma sauƙin nauyin da na bi? Gangar alminiyam tsirararta ba ta kai kwatan kilo ba. Abin da robar ta rage min bai wuce giram ɗari da wani abu ba, a jikin bindigar da ta kai kilo uku. Da zarar ka zura cikakken gidan harsashi ba ka ƙara jin bambancin.

In za a yi adalci dai, roba ba abar banza ba ce. Ƙaramar bindiga Glock 17 da sojojin Ostiriya suka karɓa a farkon shekarun 1980 jikinta roba ne, kuma yau 'yan sandan Amurka da dama ita ce a ƙugunsu. Bindigar soja Steyr AUG ma tun ƙarshen shekarun 1970 take da gida na roba. Waɗannan tun daga takarda an zana su ne don roba, an yi kauri inda ya kamata. Ko a AR-15 ɗin akwai irin su KP-15, da aka zuba gangar da gindin da mariƙin a dunƙule guda, babu zoben murɗi balle ya tsage. Na riƙe ta wani abokina na harba, ban ga abin kushewa ba. Roba ba ta tsatsa, ba ta ƙona hannu da sanyi, ba ta nuna ƙarzuwa kamar yadda fentin alminiyam ke yi. Alminiyam ɗin ma ana fasa shi in an gana masa azaba. Da kamfanin da ya ƙera ta ya amsa min cewa akwai garanti, har zuciyata ta fara sauka, na ce wataƙila tawa ce aka yi rashin sa'a wajen zubi.

Amma saƙon da suka turo ya dawo min da ɓacin rai sabo fil. Sun ce za su canja min "a matsayin alfarma", wai buga gindin bindiga a ƙasa ba ya cikin amfani na ƙa'ida. To me ya sa a tallarsu suka rubuta cewa tana jure duk abin da ta ƙarfe ke jurewa? Ko kalma ɗaya ba su tambaya ba game da ko na ji rauni. Sannan tun da sabuwar lambarta daban, suka dage sai dai su aika ta shagon dillali mai lasisi. Na biya kuɗin aika tsohuwar, na biya dillali ladansa, na sake cike fom, na sake jiran bincike, na biya mai gyara ya kwashe kayan ciki. Da na haɗa lissafi, abin da na kashe ya haura kuɗin gangar alminiyam mai kyau, wadda ke rataye a shago ɗaya, taku biyu daga inda na tsaya ranar farko.

Sabuwar da suka aiko ma ba ta zo lafiya ba. Ramin sukurun da ke riƙe mariƙin hannu a cikin robar aka yanka shi kai tsaye, ba a dasa masa ƙarfe ba, ɗauri na biyu ya fara sulɓewa. Mai gyara ya dasa masa ƙarfe, wani kuɗin kuma.

Yanzu ta alminiyam ce a kan bindigata, ta mafi arha cikin waɗanda aka buga da 7075, kuma ta sha sanyi ta sha bugu ba abin da ya same ta sai ƙarzuwar fenti. Ta robar na ɗora mata gangar sama mai cin ƙananan harsasai na .22, wadda ba ta komowa da ƙarfi, a nan kaɗai na yarda da ita. Wanda ya riga ya sayi irinta, kafin kowane harbi ya sauke harsasai, ya haska tocila a kan zoben baya da kunnuwan gaba. In ya ga wani siririn layi fari-fari, ko gindin ya fara motsi, ya ajiye ta nan take ya kai wa mai gyara.