Gargaɗi game da mai haɗa bizar aure ta Birtaniya da ya cinye mini naira miliyan 4 da dubu 800

Assalamu alaikum. Mako uku ke nan kunya tana hana ni rubuta wannan, amma yau na daure. Naira miliyan 4 da dubu 800 wani mutum ya karɓa daga hannuna a nan Kano, da sunan zai samo mini bizar zuwa wurin wanda zan aura, ɗan ƙasar Birtaniya da ke zaune a Birmingham.

Kada wani ya ce mini wauta ce ta sa. Shekara 11 ina koyarwa, kuma kafin in taka ofishinsa na riga na san cewa tun 11 ga Afrilun 2024 sai wanda ke can yana samun fam 29,000 a shekara kafin ya ɗauko matarsa, ko kuwa a nuna ajiyar fam 88,500 da ta kwana wata shida a banki. Albashin angon nawa bai kai ba, ajiyar kuwa ko a mafarki ba mu da ita. Wannan raunin namu shi mutumin ya gano, ya shigo ta nan.

Abin da yake hana ni barci shi ne ranar farko. Na fito da kuɗin kafin alƙalami zan ba shi, ya ture hannuna, ya ce: "Haba Hajiya, ke ƙanwata ce, ki je ki yi istihara tukuna, kuɗi ba ya gudu." Ya buɗe durowa ya fito da fasfo guda uku ɗaure da roba, ya nuna mini shafukan biza ɗaya bayan ɗaya, sannan aka kira la'asar ya tashi ya yi alwala a gabana. Mutumin da ya ƙi karɓar kuɗi, ya tura ni istihara, ta yaya zan zarge shi? Na je na yi, na dawo da ƙafata na ba shi miliyan 1 da rabi.

Dabarar da ya tsara ita ce in shiga da bizar baƙunci ta ɗaurin aure, a ɗaura a can, sannan ya juya mini ita ta zama ta zaman aure, domin wai yana da mutum a ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya. Sai daga baya na karanta da idona cewa wannan bizar ta wata shida ce, ba a tsawaita ta, ba a juya ta, ana ɗaura aure mutum ya kama hanyar gida. Wadda ake juyawa ita ce ta masu baiko, kuma ita ma sai an cika sharaɗin fam 29,000 ɗin nan, ba a kuma yarda a yi aiki da ita ba.

Kashi na biyu, miliyan 2, na tura bayan ƙaramar Sallah, ko kuwa kafin azumi ne, domin na tuna na sayar da sarƙata a lokacin. A'a, sarƙar ta tafi ne a cikon miliyan 1 da dubu 300, wanda ya ce na inshorar lafiya ne. Kuɗin lafiyar nan fam 1,035 ne a shekara, kuma a shafin gwamnati ake biyansa, ba a asusun wani Alhaji ba. Gwajin tarin fuka da jarrabawar Turanci ya ce ba na buƙatarsu, alhali bizar masu baiko da ta zaman aure duk suna neman su. Har takardun albashi na jabu ya ce zai haɗa wa angon, Allah ya taimake mu angon ya ƙi.

Miliyan 4 da dubu 800. Ko lambar shaidar neman biza ban taɓa gani ba. Yanzu ofishin a rufe yake da kwaɗo, lambobinsa biyu a kashe.

Ku cike takardunku da kanku a gov.uk, shafin gwamnatin Birtaniya, kada ku tura kuɗin biza asusun mutum, kuma duk mai ba da shawara daga Birtaniya ku binciki rajistarsa.

Hotunan hirarmu ta WhatsApp da rasidan banki uku suna wayata, har da saƙon muryarsa yana rantsuwa da Alƙur'ani. Lauyana ya ce in dakata sai mun shigar da ƙara ranar Litinin, daga nan zan saka su duka.