Meta Quest 3 wajen auna saurin masu tsaron gida: sharhina

Bincikena na digiri na biyu kan masu tsaron gida ne, wato lokacin da gola ke ɗauka daga ganin ƙwallo zuwa miƙa hannu. A fili wannan ba ya aunuwa yadda ya kamata, don babu ɗan wasan da zai maimaita maka bugu iri ɗaya sak. Shi ya sa na koma ga Meta Quest 3, gilashin nan da ake ɗaurawa a kai ya jefa mutum cikin duniyar kwamfuta. Ya fito a Oktoban 2023 a kan dala 499, kuma ba ya buƙatar a jona shi da wata kwamfuta.

Inda ya burge ni shi ne yadda jiki ke yarda da abin da ido ya gani. Kafin gwaji nakan sa wa mutum wani wasa na cikin gilashin mai suna Richie's Plank Experience, inda zai taka katako a saman bene mai hawa 80. Wani ƙaton gola da ba ya tsoron kowa a fili, sai ga shi ya durƙusa a kan siminti yana salati, yana cewa "Malam, don Allah riƙe ni." Da irin wannan ne ɗakin binciken Jeremy Bailenson a Jami'ar Stanford ta Amurka ya yi suna, kuma daga can kamfanin Strivr ya samo asali, ya fara da horar da 'yan wasan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. A wurina ribar ita ce kowa ya fuskanci bugu guda, da gudu guda, daga kusurwa guda, na'urar kuma tana rubuta motsin kai da na hannu.

Sai dai sakamakon farko ba abin dogaro ba ne. Yaron da ya saba da wasan bidiyo yakan doke gola mai shekaru a raga, ba don ya fi shi iya kamu ba, sai don ya fi shi sabo da na'urar. Dole ka bar kowa ya saba tukuna, in ba haka ba sabo kake aunawa, ba gwaninta ba. Ga kuma jiri: ido na cewa kana tafiya, kunnen ciki na cewa kana tsaye. Ina amfani da takardar tambayoyi kan irin wannan jiri, ta masanin bincike Kennedy da abokan aikinsa ta 1993, mai alamomi 16, don ware waɗanda abin ya taɓa. A zafin Afrilu na Kano kuwa, gilashi mai nauyin gram 515 a goshi ga gumi na zuba, da sassafe kawai aikin ke yiwuwa. Batirin kan kai kamar awa biyu, don haka sai da tanadin caji.

Wanda bincikensa ya shafi inda ido ke kallo, ya nemi gilashi mai bin ido irin Quest Pro, domin Quest 3 ba ya bin ƙwayar ido. Ni da motsin hannu ne damuwata, ya wadatar da ni.