Dogon Benci: A Riƙe Shi Ko A Kai Shi Kasuwa?

Duk shekara, da zarar Janairu ya kama, iskar hunturu ta fara tsaga leɓe, sai musun nan ya dawo teburin mai shayinmu a unguwar Yelwa, nan Garwa. Garin na masu ƙwallon ƙafa ne, na Coton Sport, kowa ya sani. Mu masu bin gasar ƙwallon kwandon Amurka, wato NBA, ba mu da yawa, amma muna tashi ƙarfe ɗaya ko biyu na dare mu kalli wasa, don haka idan muka yi musu da zuciya ɗaya muke yi. Ƙanena, wanda ke bayan Philadelphia tun da suka ɗauki Joel Embiid a 2014, shi ke fara tayar da zancen. "Yaya, mutumin da ke buga minti goma sha biyu, me ya sa ake ajiye shi yana cin albashi? A sayar da shi kafin a rufe kasuwa, a samo mai jifan maki uku." Wani dattijo tela da ke zama da mu, wanda ya buga wasan a makarantar sakandare, yakan girgiza kai ya ce masa, "Yaro, ba ka taɓa shiga damina da san huɗa ɗaya ba."

Wanda ake musu a kansa shi ne dogon ɗan wasa na biyu, wanda masu sharhin Faransanci ke kira pivot na canji, mu kuma muke ce masa dogon benci. Ƙungiya tana da hanyoyi huɗu game da shi: ta riƙe shi ta ƙara masa kuɗi, ta musanya shi kafin a rufe kasuwa a watan Fabrairu, ta bar shi ya tafi ta ɗauko wani tsoho mai araha, ko ta raini yaro a gurbinsa. Kafin ka zaɓi ɓangare, ka fara sanin irin hajar da ake ciniki.

Wasan NBA minti 48 ne. Babban dogon ƙungiya yakan buga 32 zuwa 35, saura kuwa dole wani ya tsaya a ƙarƙashin kwando. Laifi shida ke fitar da ɗan wasa, kuma dogaye su suka fi saurin tara laifi, domin su ake karowa. Ga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, wani lokaci yau a wannan gari gobe a wancan. Aikin dogon benci bai da ƙyalli: ya tsare bakin kwando, ya cafe ƙwallon da ta ƙi shiga, ya tokare wa mai riƙe da ƙwallo hanya ya sami sarari. Idan ya yi waɗannan uku ba wanda zai ambaci sunansa da safe. Idan ya kasa, kowa zai ambata.

Wanda ke ganin minti kaɗan ba komai ba ne, ya tuna daren 12 ga Mayu 2019. Muna cikin azumi, mun zauna kallo kafin sahur, wasa na bakwai, na raba gardama a zagayen fidda gwani, tsakanin Toronto ta Pascal Siakam da Philadelphia ta Embiid, 'yan Kamaru biyu suna fuskantar juna. Embiid ya buga minti 45, kuma a lokacin da yake fili ƙungiyarsa ta fi Toronto da maki 10. Minti ukun da ya zauna ya huta, an fi su da maki 12. Greg Monroe, dogon da ya karɓe shi, wajen minti biyu kawai ya yi, aka ci su tazarar maki 9. An tashi 92 da 90, da jifan nan na Kawhi Leonard da ya yi ta tsalle a bakin kwando kafin ya faɗa. Mutane jifan suke tunawa. Ni minti ukun nan nake tunawa, domin a nan aka yi asarar wasan.

Saboda haka tambayar farko ba ta shafi dogon bencin ba, ta shafi wanda yake bi wa baya. Dare nawa babban dogonku zai kwana yana jinya? Nikola Jokić na Denver, daga 2015 zuwa 2025, bai taɓa buga ƙasa da wasa 69 a kaka guda ba. Da suka ci kofi a 2023, dogayen bencinsu kusan ba su taka fili ba a zagayen fidda gwani. Idan Jokić ya zauna sai a matsar da Aaron Gordon tsakiya. Irin wannan ƙungiya tana iya yin rowa a wannan gurbi ta kwana lafiya. Embiid kuwa bai buga ko wasa ɗaya ba a shekarunsa biyu na farko saboda karayar ƙafa. A kakar 2023 zuwa 2024 ya buga wasa 39, ƙungiyar ta ci 31 a ciki. Sauran 43 da babu shi, 16 kaɗai ta ci. Kakar da ta biyo baya wasa 19 ya buga. Wanda ke bayan irin wannan gwani, sunansa kawai na benci ne, amma rabin shekara shi ne mai gida. Na san akwai masu jin haushin Embiid a teburinmu tun da ya sa rigar Amurka a gasar Olamfik ta 2024 maimakon ta Kamaru, kuma ban hana su ba, amma wannan bai canza lissafin gwiwarsa ba.

Mu fara da sayarwa, tunda ita ƙanena ke so. Fa'idarta a fili take. Kasuwar Fabrairu kamar kasuwar raguna ce ana jajiberin babbar Sallah: masu neman kofi suna cikin gaggawa, farashi ya hau. Washington, wadda ba ta da inda za ta je a kakar, ta sayar wa Dallas da Daniel Gafford a Fabrairun 2024 ta karɓi damar zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko, Dallas kuma ta haɗa shi da Dereck Lively ta kai wasan ƙarshe a shekarar. Kowa ya ci riba, don kowa ya san abin da yake nema. Ƙungiyar da ba ta zuwa ko'ina, kuma kwantiragin dogon nata na dab da ƙarewa, ta sayar, babu abin tsayawa tunani.

Matsalar tana zuwa ne idan mai neman kofi da kansa ya sayar, musamman idan ya jefa dogon a matsayin gyara a kan babban ciniki. A Fabrairun 2022 Philadelphia tana da Andre Drummond, mutumin da ya fi kowa cafe ƙwallo a NBA har kaka huɗu, yana karɓar mafi ƙarancin albashi yana zaune bayan Embiid. Da za su ɗauko James Harden daga Brooklyn, sai suka haɗa da shi cikin kayan, tare da Ben Simmons da Seth Curry. Suka cike gurbin da DeAndre Jordan, wanda ƙarfinsa ya riga ya ja baya. Ƙarshen Afrilu, a wasa na shida da Toronto, gwiwar hannun Siakam ta sami Embiid a fuska, ƙashin kwarmin idonsa ya tsage. Wasanni biyu na farko da Miami, daidai kwanakin ƙaramar Sallah, Jordan ne ya fara su, kuma duka biyun an ci su. Embiid ya dawo da abin rufe fuska, amma an fitar da su huɗu da biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2024 sai ga su sun sake ɗauko Drummond ɗin, shekara biyu a kan dala miliyan 10, wato wajen sefa biliyan uku a shekara, abin da suka taɓa samu a ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Akwai kuma sayar da yaro tun bai nuna ba, wadda ta fi kowace ciwo. Lakers ta Los Angeles sun ba wa maƙwabtansu Clippers Ivica Zubac a Fabrairun 2019, yana da shekara 21, suka karɓi Mike Muscala don ya iya jifa daga nesa, wato daidai cinikin da ƙanena ke roƙo. Muscala bai cika wasa 20 da su ba ya tafi. Zubac ya shekara da shekaru yana fara wasa a gari ɗaya da su, har a 2025 aka sa shi cikin jerin gwanayen tsaron gida na gasar. Dogaye ba sa nuna da wuri. Jiki yana riga hankali girma, kuma sanin inda za a tsaya a ƙarƙashin kwando sai an sha karo.

To, riƙewa fa? Ita ma tana da farashi, kuma a nan masu son riƙewa ke yin ganganci. Bayan daren nan na 2019, Philadelphia ta firgita ta ba Al Horford kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 109, da nufin ya buga tare da Embiid kuma ya karɓe shi idan ya huta. Su biyun suka riƙa cin karo a wuri ɗaya, Boston ta share su huɗu da nema a 2020, daga ƙarshe sai da suka ɗora damar zaɓen zagayen farko a kansa kafin Oklahoma City ta karɓe shi. Horford ba lalatacce ba ne, ya koma Boston ya ci kofi a 2024. Kuskuren shi ne biyan albashin mai fara wasa ga wanda ba zai iya zama fili lokaci ɗaya da gwaninka ba. Ko zai iya zama fili tare da gwaninka, wannan ita ce tambaya ta biyu, kuma ita ke yanke farashi. Minnesota ta ba Naz Reid dala miliyan 42 na shekara uku a 2023, yana bayan Rudy Gobert da Karl-Anthony Towns, kuma kuɗin bai faɗi ƙasa ba, domin Reid yana jifa daga nesa, yana iya tsayawa gefen kowannensu. A 2024 shi ya karɓi kyautar gwarzon ɗan benci. Dogon da zai iya buga gurbi biyu ya cancanci kuɗi mai nauyi. Wanda gurbi ɗaya kawai ya iya, komai kyansa, kada albashinsa ya kusanci na masu farawa, musamman tun yarjejeniyar 2023 tsakanin NBA da 'yan wasanta, wadda ta ɗaure hannun ƙungiyoyin da suka wuce iyakar kashe kuɗi ta biyu, har ba sa iya haɗa albashin 'yan wasa biyu su musanya da ɗaya.

Wani lokaci kuma kana son riƙewa doka ta hana ka. New York ta ɗauki Isaiah Hartenstein a 2022 a matsayin na benci. Da babban dogonsu Mitchell Robinson ya ji rauni, shi ya riƙe tsakiya, ya yi kyau har ya fi ƙarfin abin da ƙa'ida ta yarda su biya shi. Oklahoma City ta ba shi dala miliyan 87 na shekara uku a 2024, ta ci kofi da shi a 2025. New York ba ta sami ko sisi ba. Duk da haka ban ga laifinsu ba da suka ƙi sayar da shi a Fabrairu, domin suna cikin neman kofi kuma ba su da wani.

Ɗauko tsoho mai araha ba zan daɗe a kansa ba. Yana yi idan na uku kake nema, ko gwaninka irin Jokić ne. Indiana, inda Siakam ya koma, ta rasa dogayen bencinta James Wiseman da Isaiah Jackson a makonnin farko na kakar 2024 zuwa 2025, dukansu jijiyar agara ta tsinke. Suka ɗauko Thomas Bryant daga Miami a Disamba kusan kyauta, suka ƙara da Tony Bradley, suka kai har wasa na bakwai na ƙarshe. Amma babban dogonsu Myles Turner yana tsaye da lafiyarsa duk tsawon tafiyar, su kuma ciko kawai suke yi.

Rainon yaro shi ne hanyar da na fi ƙauna, wataƙila don yaranmu na cikinta. New Orleans ta ɗauki Yves Missi, wanda ya tashi a Yawunde, a lamba ta 21 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2024, kuma shi ya fara mafi yawan wasanninsu a shekararsa ta farko, a kan albashin sabon shiga. Sai dai yaro ba tabbas ba ne. Christian Koloko na Duwala, wanda Toronto ta ɗauka a 2022, ya rasa kaka guda cur saboda daskarewar jini. Raino na mai haƙurin shekara biyu ko uku ne, kuma ƙungiyar da gwaninta ya haura talatin da gwiwa mai ciwo ba ta da waɗannan shekarun. Ta raini yaron a matsayin na uku, ba na biyu ba.

Da ƙanena ya sake tayar da zancen a bana, ban ce masa ya yi shiru ba. Na ce ya buɗe wayarsa ya ƙirga wasannin da Embiid ya buga a kaka uku da suka wuce, ya duba shekara nawa ta rage a kwantiragin dogon da yake son a sayar, sannan ya faɗa mini sunan wanda zai fara wasa idan aka wayi gari a Afrilu gwiwar ta kumbura. Biyun farko ya samo su kafin shayinsa ya huce. Na ukun ya daɗe yana latsa waya, ya kira suna biyu ya janye su da kansa. Dattijon tela ya miƙa wa mai shayi kofinsa ya ce a ƙara masa, shi zai jira.